Yadda na yi furojet ɗina kan taba da ƙodar ɓeraye a Katsina

A shekarar ƙarshe ta karatun bayokemistiri dole kowa ya yi furojet, ni nawa a kan taba ya faɗa, wato me ruwan ganyen taba ke yi ma ƙodar ɓera in aka ɗauki makonni ana ba shi. Malamin da ya duba ni Dokta ne wanda ba ya wasa da aiki, ya jero mana batutuwa ya ce kowa ya ɗauka, abokaina suka yi rububin na zogale da na ganyen gwanda don an saba da su, ni kuwa ina ganin taba na ce ita nake so. Dalili, a cikin birnin Katsina na tashi ina ganin dattawa maza da mata suna cusa garin taba a leɓe wasu kuma su shaƙa, kuma babu mai lissafa su cikin mashaya taba, sigari kawai ake zagi, gari kuwa har cewa ake yana maganin ciwon haƙori yana kore kasala. Kawuna ma yana cikinsu, ɗan gwangwaninshi ba ya rabuwa da aljihun gaba na rigarshi.

Kafin a taɓa ɓera ko guda sai da na rubuta tsarin aikin kaf aka miƙa ma kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan dabbobi. Akwai ƙa'ida guda uku da wasu turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka fitar tun 1959 kuma har gobe da ita ake aiki: in akwai yadda za ka samu amsa ba tare da dabba ba to kar ka taɓa ta, in dole ne to ka rage yawansu iya iyawa, sannan ka sauƙaƙa masu wahala. Saboda wannan ne Dokta ya hana mu yin gwajin farko da ake yi don gano adadin da ke kashe ɓera, ya ce masana sun riga sun auna sun rubuta, mu ɗauki nasu mu tsaya can ƙasa da shi. Ya ce mani, kai ai musulmi ne, an umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, to ɓeran nan amana ne a hannunka tun daga ranar da ya shigo har ranar da za ka gama da shi. Wallahi maganar nan ta zauna mani sosai.

Karatun da na yi a lokacin rubuta babi na biyu ya nuna mani inda giɓin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000 wajen 70 daga ciki masu jawo ciwon daji wato kansa, tabar da ba a kunnawa ita ma an gano aƙalla 28 a cikinta. Amma kusan duk maganar huhu ce da zuciya da baki, ƙoda sai can ƙarshen shafi. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar ma wanda bai kai shekara 18 ba ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, kwalin sigari ma dole a buga gargaɗi a jikinshi, amma ƙullin garin taba da ake miƙo maka a leda a kasuwa babu ko harafi ɗaya a kanshi.

Ganyen a babbar kasuwa na samo shi wajen wani dattijo da ke zaune da dammunan busasshen ganye a gabanshi da mudubban gari iri-iri. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba ganye nake so wanda ba a daka ba kuma ba a sa mashi kanwa ba. Ya dube ni ya ce kai yaro mi za ka yi da ita haka nan, ai ba ta kamawa in babu kanwa. Na yi mashi bayanin aikin makaranta ne, ya ce to Allah Ya ba da sa'a, ya zaɓo mani mai kauri mai duhu ya ce wannan ita ce mai ƙarfi. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne tsantsa ko a kimiyyance, kanwa tana kashe tsamin garin, in tsami ya ragu sai nikotin, sinadarin taba da ke kama mutum, ya saki jiki ya ratsa fatar cikin baki ya shiga jini da sauri, shi ya sa mai taba ke jin ta hau mashi kai nan take. Mu kuma da gangan muka guji kanwar, don in aka ga ƙoda ta lalace kar a rasa wanda za a ɗora ma laifi tsakanin taba da kanwa.

Na kai reshe guda sashen nazarin tsirrai suka tabbatar Nicotiana tabacum ce suka ba ni lamba. Sauran na ƙara shanya shi a inuwa na rufe da yadi mai shara-shara saboda lokacin hunturu ne ƙura ko'ina, da ya bushe ƙarau na daka a turmi na tankaɗe. Ranar dakan nan ko da takunkumi a hancina sai da atishawa ta kama ni idanuna suka yi ta ruwa, Ummata ta kore ni can bayan gida ta ce kar in ƙara sa mata wannan abu a turmin dakan yaji, dole na sayi ƙarami nawa. Daga nan aka jiƙa garin a tataccen ruwan lab ya kwana biyu ana girgizawa, na tace da ƙyalle sannan da takardar tacewa ta Whatman, aka ɗora a kan ruwan ɗumi wanda bai wuce digiri 50 ba har ruwan ya ƙafe ya bar wani abu baƙi-baƙi mai danƙo mai warin da ke kama maƙogwaro. Shi muka auna muka sa a firij. Ma'aikacin lab ɗinmu, wanda muke ce ma Malam, bai taɓa bari na taɓa wannan abu babu safar hannu ba, domin nikotin na shiga ta fata, manoman da ke tsinkar ɗanyen ganye da raɓa a jikinshi ma sukan yi jiri da tashin zuciya saboda haka, kuma ai shi ya sa wasu manoma ke fesa ruwan taba a shuka don ya kashe ƙwari. Guba ce ta asali da tsiron ke kare kanshi da ita.

Ɓerayen fararen nan ne masu jan ido da ake kira Wistar, asalinsu daga wata cibiya ce a Filadelfiya ta Amurka da ta fara kiwonsu tun 1906, yanzu duk duniya da su ake gwaji. Namu daga Zariya aka kawo su, wasu ɗaliban har Vom ta jihar Filato suke aikawa inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take. Maza zalla muka ɗauka masu nauyin giram 150 zuwa 200. Ba a fara masu komai da zuwansu, sai an bar su mako biyu su huce gajiyar hanya su saba da ɗaki da abinci da hannun mai kula da su. Kullum da safe in canza dusar katakon da ke ƙasan keji, in wanke kwalaben ruwa, in zuba abinci, in tsaya in kalle su ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai ciwo. Dare ne lokacin harkarsu, da rana a dunƙule za ka same su waje guda suna barci, ga sanyin Katsina na watan Janairu sai da muka riƙa toshe taga da kwali da daddare. Bayan nan muka raba su gida huɗu, rukunin farko ruwa zalla za a ba su don su zama ma'auni, na biyu taba kaɗan, na uku matsakaici, na huɗu mai yawa, kowane ɓera da alamar maka a wutsiyarshi don kar a rikita su.

Ɗura ita ce gundarin aikin kuma ita ce mafi wuya. Ba a zuba masu a ruwan sha don ba za ka san nawa kowa ya sha ba, ga ɗaci ma ba za su sha ba. Akwai wani siririn bututun ƙarfe mai ɗan dunƙule a bakinshi da ake ɗaura ma sirinji. Za ka kama fatar wuyan ɓeran da ta bayanshi da hannun hagu har kanshi ya miƙe daidai da jikinshi, ka gwada tsawon bututun daga bakinshi zuwa haƙarƙarin ƙarshe don ka san inda za ka tsaya, sannan ka zura ta gefen baki ka bi saman harshe a hankali, in ka bi daidai da kanshi yake haɗiyewa bututun ya sulale, in kuwa ka ji ya tokare to ka tsaya ka zaro ka sake, domin in ya faɗa hanyar numfashi ka matsa sirinji ruwan huhu zai tafi kuma shikenan ka kashe shi. Malam ya tsaya a kaina yana riƙe da hannuna yana cewa kar ka tura, bar shi ya haɗiye, har hannun ya faɗa. Ruwan ma yana da iyaka, kar ya wuce mililita ɗaya a kowane giram 100 na nauyin jiki. Kuma ɓera ba ya amai, halittarshi ce haka, duk abin da ya shiga cikinshi ya shiga kenan, shi ya sa duk mako sai an sake ɗora kowa a sikeli an sake lissafin rabonshi. 'Yan rukunin farko su ma da bututun ake ba su ruwansu, don wahalar kamu da ɗura ta zama iri ɗaya ga kowa, taba kaɗai ta zama bambanci.

Haka muka yi ta yi wajen wata guda, kullum lokaci ɗaya, babu Asabar babu Lahadi, ranar Juma'a ma sai na gama da su nake wucewa masallaci.

Abin da na gani a wannan watan shi ne ya fi tsaya mani a rai. In aka ɗura ma 'yan rukuni na huɗu, bayan 'yan mintuna sai ka ga jikinsu na ɓari numfashi na fita da sauri sun lafe a kusurwar keji, amma kafin in gama wanke sirinji in share ɗaki sun warware sun koma lasar jiki suna hawa ƙarfen keji. Gashinsu fes, idonsu garau. Wani abokina ya leƙo na ce mashi nuna mani waɗanda ake ba taba, ya zagaya kejin duka ya kasa. Sikeli ne kawai ya fara tona asiri, domin na ruwa zalla suna ta ƙara nauyi mako bayan mako su kuwa na tabar nasu ƙarin a hankali yake tafiya kuma suna barin saura a kwanon abinci, wanda sananne ne nikotin na kashe sha'awar abinci. Ban da wannan da ɓarin jikin nan na ɗan lokaci babu wata alama a waje da za ta ce maka akwai abin da ke faruwa a ciki.

Ranar ƙarshe aka ɗauke masu abinci tun dare aka bar ruwa. Gaskiya ban yi barcin kirki ba, dabbar da ka yi makonni kana ciyarwa ta san hannunka ba abu ne mai sauƙi ba. Da safe Malam ya sa ma kowane maganin barci, sai mun matse tafin ƙafarshi mun ga bai motsa ba sam sannan a ci gaba. Daga zuciya kai tsaye ake jan jinin, 'yan mililita ne ba yawa, kuma nan akwai wata dabara da Malam ya nanata, a cire allurar daga bakin sirinji kafin a juye jinin a kwalba kuma a juye a hankali ta gefe, in ka feso shi da ƙarfi jajayen ƙwayoyin jini za su fashe su zubar da gishirin fotasiyam ɗin da ke cikinsu, sai ka auna ka ga ya hau ka ɗora ma ƙoda laifin da ba nata ba. Bayan jini sai a buɗe ciki. Ƙodar ɓera siffarta da girmanta kamar ƙwayar wake babba, ja mai duhu, tana maƙale a baya cikin ɗan kitse, ba ta kai giram ɗaya ba. Na ɓare kitsen na auna kowace na rubuta, na jefa a kwalbar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin ɗari wadda na riga na manna ma lamba. Gawarwakin aka kai inda aka tanada aka ƙone.

Jinin muka bari ya daskare sannan aka sa a injin juyi, juyi 3,000 a minti har minti goma, ruwan ya taso sama ɗorawa-ɗorawa, shi muka zuƙe. Abubuwan da ake nema su ne yuriya da kiriyatinin, sai gishirin jini wato sodiyam da fotasiyam da kuloraid da baikabonet. Yuriya hanta ke haɗa ta daga ragowar furotin, kiriyatinin kuma daga tsoka yake fitowa kullum kusan adadi ɗaya, dukkansu aikin ƙoda ne ta fitar da su a fitsari, to in ka ga sun taru a jini ka san tacewa ta ragu. Gwajin kiriyatinin tsoho ne, wani Bajamushe Max Jaffe ya gano shi a 1886, ana haɗa ruwan jinin da wani sinadari ruwan ɗorawa sai ya juye ja-ja ruwan lemo, gwargwadon yawan kiriyatinin gwargwadon duhun kalar, sai na'urar auna kala ta ba ka lamba. Na yuriya kuma kore yake komawa. Ana cikin yi aka ɗauke wuta sai da muka haɗa kuɗin mai aka tada janareta, don ruwan jini ba ya son jira.

Da na zuba lambobin a manhajar lissafi ta SPSS na yi lissafi, rukuni na huɗu yuriya da kiriyatinin ɗinsu sun hau a fili in aka gwada da na ruwa zalla, na uku ma sun hau amma ba kamar su ba. Rukuni na biyu masu taba kaɗan kuwa jininsu bai nuna wani bambancin da lissafi zai yarda da shi ba. Na kai ma Dokta na ce ranka ya daɗe ga alama kaɗan ɗin ba ta yi komai ba. Ya ce kar ka rubuta haka tukuna, jira gilasan yankan ƙoda da za a duba a maikuroskof su dawo.

Ƙodojin wani ɗakin gwaji na asibiti muka kai, can aka tsane ruwansu da sinadarai aka daskarar da su cikin kakin farafin aka yanka siriri ƙwarai, kaurin maikuron biyar (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), aka manna a gilashi aka rina da kala biyu, ɗaya na maida tsakiyar ƙwayar halitta shuɗi ɗayar na maida sauran jikinta ruwan hoda. Likitan da ke karanta su ya zaunar da ni gefenshi a gaban maikuroskof ya ce ɗalibi fara da lafiyayyar tukuna don idonka ya san yadda daidai yake. A nan na fara ganin matatan ƙoda da idona, wani ƙullin ƙananan jijiyoyin jini zagaye da ɗan fili fari, kewaye da shi bututu birjik an yanko su a gicciye, kowane da ƙwayoyin halitta jere a bangonshi da rami a tsakiya tas babu komai. Ƙodar mutum guda tana da irin waɗannan matatai wajen miliyan ɗaya, ta ɓera wajen 30,000. Sai ya sa na rukuni na huɗu. Ƙwayoyin bangon bututun sun kumbura har ramin ya tsuke, wasu sun ɓallo sun faɗo ciki, wasu tsakiyarsu ta ƙanƙance ta yi baƙi alamar sun mutu, jijiyoyin jini sun cika maƙil sun yi ja, ga tarin ƙananan ɗige-ɗige shuɗɗa a tsakankani waɗanda ya ce fararen ƙwayoyin jini ne da ke taruwa inda nama ya ji rauni. Na ce subhanallahi, wannan ɓeran ne fa da ke hawa ƙarfen keji ana gobe za a yanka shi.

Sannan ya ɗauko na rukuni na biyu, masu jinin da ya fito lafiya. Ya ɗan juya madubin ya ce duba nan, duba nan kuma. Kumburin na nan, cunkoson jinin na nan, ba su kai na huɗu ba amma ko ni ɗan koyo na bambance su da lafiyayyar. Ya ce mani ƙoda tana da rara mai yawa, in wasu matatai suka gaza sauran sai su ƙara ƙwazo su rufe giɓin, shi ya sa a mutum ma kiriyatinin na iya zama cikin iyakar lafiya alhali kusan rabin aikin ƙodar ya tafi, mutumin kuma yana yawonshi ba ciwo ba komai.

Babin tattaunawa shi na fi daɗewa a kai don ina so in gane dalili. Ƙoda ƙarama ce amma tana karɓar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na jinin da zuciya ke bugowa, a babban mutum tana tace wajen lita 180 a yini ta maida kusan duka jiki ta fitar da lita ɗaya da rabi fitsari, kenan duk abin da ya shiga jini sai ya bi ta kanta sau da yawa. Nikotin na zaburar da jiki ya saki adirenalin, sinadarin da jiki ke saki in an firgita, zuciya ta ƙara gudu jijiyoyi su tsuke hawan jini ya tashi, jinin da ke isa bututun ƙoda ya ragu alhali su ne masu cin iska da yawa saboda aikin da suke yi. Hanta na maida mafi yawan nikotin wani abu da ake kira kotinin wanda ya fi shi daɗewa a jiki, nikotin rabinshi na tafiya cikin kamar awa biyu shi kuwa kotinin wajen awa 16, kuma ta fitsari yake fita. Ga kuma gurɓatattun sinadaran iska da ke ƙaruwa a cikin ƙwayoyin halitta su ci bangonsu. Sai kadmiyam, wani ƙarfe mai guba da tsiron taba ke zuƙa daga ƙasa ya tara a ganye, in ya shiga jikin mutum a bututun ƙoda yake zama kuma sai ya yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinshi ya fita, wannan kam aikin shekaru ne ba na wata guda ba, mai gwangwani a aljihu tun yana saurayi shi ya kamata ya ji wannan.

Na je na samu Kawu bayan la'asar a ƙofar gida na nuna mashi hotunan gilasan a waya, lafiyayyar da ɗayar. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce to ɗana ai ɓera daban mutum daban, kuma ni ba haɗiyewa nake ba tofarwa nake. Na ce Kawu gaskiyarka, mu ciki muka ɗura masu kuma abin da muka ba su in aka gwada da nauyin jikinsu ya fi naka, ba zan ce abin da ya samu ƙodarsu cikin wata shi zai samu taka daidai wa daida ba. Amma nikotin tun kafin ka tofar ya riga ya ratsa leɓe ya shiga jini, kuma a kan mutane ma likitoci sun tabbatar masu shan taba sun fi saurin fara zubar da furotin a fitsari, mai ciwon suga ko hawan jini in yana sha ƙodarshi ta fi saurin lalacewa, ga kansar ƙoda da ta mafitsara. Na tuna mashi maƙwabcinmu da ake kaiwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako kowane zama wajen awa huɗu, yadda aka saida gona aka saida fili. Ban ce taba ce ta jawo ma wancan ba, na ce dai kar mu jira sai ƙafa ta kumbura. Na roƙe shi abu uku masu sauƙin kuɗi, a auna hawan jininshi, a duba fitsari ko akwai furotin, a duba kiriyatinin. Gwangwanin bai yar ba, amma ya ce in zo ranar Litinin in kai shi asibiti a mashin, kuma mun je.

Ranar difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe shafin hotuna ya tsaya a kai, sai ya tambaye ni me ya sa ban yi amfani da hayaƙi ba tunda sigari aka fi sha. Na ce ranka ya daɗe masu gwajin hayaƙi akwati na musamman suke sa ɓerayen a riƙa busa masu gwargwado, kuma an yi irinshi da yawa, ni tabar da ba a kunnawa nake bi don ita ce a bakin iyayenmu. Ya ce to in haka ne ina kanwa, ai babu mai cin gari gaya. Na faɗa mashi dalilin da ya sa muka cire ta. Ya gyaɗa kai ya ce daidai ne a matakin farko, amma aikin bai ƙare ba sai an yi rukunin kanwa zalla da rukunin taba da kanwa a haɗe, kuma a tara fitsarin ɓerayen a auna furotin tunda shi ke riga kiriyatinin nunawa. Dokta ya rubuta a takardarshi nan take. Wata ɗaliba da ke bayanmu ita ta karɓi batun, na ba ta turmina da sauran takardar tacewa na kwatanta mata rumfar Baba a kasuwa, yanzu haka tana jiran izinin kwamiti da kejin tara fitsari da Malam ya ce zai aro mata daga Zariya.